Rilwanu da Kulunsa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Abin da zan ba ku yau ba zai yi mini kyau ba, na sani. Wasu za su ce Bara'atu ta taɓu, tana kishi a kan mutumin da ya shekara biyu a ƙasa. Ku faɗa. Ni dai yadda abin ya faru zan kawo muku shi, yadda nake tuna shi.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: ni 'yar Malam Shu'aibu ce na Kurmin Mashi, mai karantar da Alƙur'ani. A boko aji huɗu na tsaya. Mijina Rilwanu ma'aikacin gwamnati ne, watanmu goma sha ɗaya da aure Allah ya karɓi abinsa. Zazzaɓin kwana uku. Ya bar ni da cikin wata biyu wanda ban gaya masa ba. Wannan ita ce ƙayar da ke maƙale a wuyana. Kullum sai in ce yau zan faɗa, yana shigowa da sallama sai kunya ta ɗaure mini harshe, in ce bari sai gobe. Cikin fari ne. Ina gobe-gobe aka fita da shi.

Na haifi mace. Aka yi wa Hajiya mahaifiyarsa takwara, muna kiranta Ummi. Ni ko sau ɗaya bakina bai taɓa furta sunanta na yanka ba. Ga ta 'yar fari, ga shi sunan surukata. Ta ina zan fara?

Sai kuma Sharhabil. Aminin Rilwanu ne tun suna firamare, ofishinsu ɗaya, shi ya riƙe kan makara. Tun da na yi arba'in yake zuwa duk Juma'a bayan la'asar, da ledar madara da sabulun Ummi. Da aka jima sai ledar ta fara zuwa da turare a ciki. Watan jiya ya turo manyansa wurin Malam. Malam ya ce sai abin da na ce. Ni kuwa ban ce komai ba.

Inna ce ta ce da yawa.

"Ummi saura wata nawa a yaye ta? A ɗakina za ki tsufa? Mutumin nan bai taɓa aure ba, ya tsallake masu digiri ya zo wurinki da goyo. Ki ji tsoron Allah, Bara'atu."

"Ina ji, Inna."

"Ba kya ji. Da kina ji, da ko kwalli kin riƙa sawa in zai zo."

Wata Juma'a, sati biyu bayan Babbar Sallah, ya zo cikin shadda ruwan toka. Ya zauna a tabarmar zaure, Ummi a cinyarsa tana ta jan agogonsa. Muka gaisa. Ya daɗe yana gyara hula kafin ya yi magana.

"Maman Ummi, 'Yan Hawa za su koma Jos."

'Yan Hawa ƙungiyar Rilwanu ce, shi ya haɗa ta: abokan aiki da 'yan uwa da matansu. Duk shekara bayan Sallah su cika bas su tafi Jos daga Juma'a zuwa Lahadi, su zaga gari, su hau dutsen Shere. Tafiyarsa ta ƙarshe ya yi ta roƙona in bi shi, na ce kaina ke ciwo. Ba kai ba ne, ƙaurin mota ne ba na iya shaƙa a lokacin. Ya dawo mini da kwandon dankalin turawa da rigar sanyi ruwan ganye. Kwana tara bayan nan ya kwanta. Bara ba su je ba saboda rasuwar.

"Hajiya ma za ta je," in ji Sharhabil. "Za ta sauka wurin ƙanwarta a can. Ita ce ta ce a roƙi Malam ya ba da ke, kuma ya amince."

"Ni me zan je yi a kan dutse, Yaya Sharhabil? Akuya ce ni?"

Ya yi dariya. "Akwai cikin gari ai. Gidan tarihi, gidan zu, kasuwa. Ba sai kin hau ba. Aziza ta tsara komai, ke dai ki shigo mota."

Aziza.

Bari in gaya muku ko wace ce. 'Yar kawun Rilwanu ce, taubashiyarsa. Gidansu na Unguwar Rimi, irin mai doguwar katanga da furanni na leƙowa ta sama. Ta yi digiri, tana aiki, da kanta take tuƙa mota, ba ta yi aure ba. Ranar da aka kai ni ɗaki ita ta ɗaga mini mayafi a gaban mutane ta ce, "To, ke ce kika ƙwace mini mijina na gado? Mu ga ko kin fi ni hanci." Kowa ya yi dariya. Wasan taubasai ne, na sani. Amma bayan biki takan shigo har kicin ɗina ta buɗe tukunya ta ce, "Mijina fa ba ya son yaji da yawa." In yi murmushi, in ta fita in ƙara yajin.

Kafin Sharhabil ya tashi ya sa ni a guruf ɗinsu. Mu goma sha huɗu. Rabin abin da suke rubutawa da Turanci ne, shi nakan tsallake shi kamar kwata, in danna saƙon murya in kara a kunne.

Kwana uku ana rigima a ciki. Hamza, yayan Aziza, ya ce a yi kwana biyun duka a dutse, gari ai duk ɗaya ne. Matarsa Jamila ta turo murya:

"Wallahi in ba za a kai ni Taminus in sayi dankali da kabeji ba, a sauke ni a Saminaka."

"Dankali dai?" in ji Hamza. "Ba ga shi nan jibge a Kawo ba?"

"Wancan karon da ka kai ni rabin dutse numfashina ya ɗauke, wa ya goyo ni ya sauko?"

"Ni ne. Har yau bayana bai koma daidai ba."

Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, har Inna ta leƙo. Rabon da in yi irinta na manta.

Aziza ce ta raba gardamar. Ta ce Juma'a ƙarfe bakwai a tashi daga ƙofar gidan Hajiya a Unguwar Sarki, a bi ta Pambeguwa da Saminaka, maza su sami Juma'a a Jos, da yamma a shiga gidan tarihi. Asabar ana idar da asuba a nufi Shere, a sauko kafin hadari ya haɗo. Lahadi gidan zu da kasuwa, a kamo hanya da rana tsaka. Wanda ba zai iya dutse ba ya zauna da Hajiya da yara a gari.

Sharhabil ya rubuta: "Madalla, Aziza."

Ta ce kowa ya taho da rigar sanyi da gorar ruwa. "Madalla, Aziza." Ta ce ita za ta zauna gaba kusa da shi, don a wayarta taswirar hanya take. "Madalla, Aziza." Na ƙirga, 'yan uwa. Sau bakwai a kwana uku. Ni da na yi sallama a guruf, ɗan hoton hannu kawai ya ɗaga mini. Mutumin da ban ma ce ina so ba! Amma sai na iske kaina ina ƙirga masa madalla.

Ita kuwa ga abin da ta turo mini a gaban kowa: "Matar mijina, sannu da zuwa! Ki nemi kambas fa, silifas ba ya hawa Shere."

Na ajiye wayar.

Ranar Laraba da azahar ina tankaɗen garin tuwo waya ta yi ta ƙara. Aziza ce take zubo tsofaffin hotuna, wai don tunawa. Na goge hannu a zani na buɗe.

Ga Rilwanu.

Yana tsaye a can ƙololuwa, garin Jos duka a bayansa kamar an watsa tsakuwa. Jar rigar sanyi a jikinsa. Yana dariya baki buɗe har ana ganin turamensa, irin dariyar da ni ban taɓa gani ba a ɗakina. Aziza na gefensa. Ba su taɓa juna ba, gaskiya ɗaya ce, amma iska ta ɗebi bakin mayafinta ta ɗora masa a kafaɗa. A hannunsa akwai wani falalen dutse kamar girman faifai, da rubutun farin fenti.

Hamza ya yi bayani a ƙasa saboda sababbi. Al'adarsu ce: duk wanda ya kai sama zai nemi falalen dutse ya rubuta sunansa da na wanda ke ransa, ya ajiye a wani kogo da suka sani, inda ruwa ba ya shiga. Ya ce kowa ya fara tunanin abin da zai rubuta bana.

Na sa yatsu biyu na buɗa hoton. Na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mana a aji biyu.

Rilwanu da Kulunsa.

Na sake haɗawa. Na kashe wayar na kunna, na sake. Bai canja ba.

Ni 'Yar Malam yake kirana, tun ranar da ya fara zuwa zance har ranar da ya ce 'Yar Malam miƙo mini ruwa, bai ƙara magana ba. Ni ba Kulu ba ce. Kulu kowa ya san Hauwa ce. Na tuna Hajiya, don ita ma sunanta ke nan, sai na ture tunanin. Mutumin da ko mai tallan ƙosai ya ji tana da sunan, sai ya ce "mai sunan Hajiya"? Shi ne zai ɗauki fenti ya rubuta wa mahaifiyarsa "Kulunsa"? Ko a mafarki.

To wace ce?

Tuwon ranar ya yi gudaji. Inna ta tambaye ni ko aljanu ne suka tuƙa.

Ranar Juma'a da safe amsa ta zo da ƙafarta. Masaukin da za a sauka sun ce a turo sunayen mutane yadda suke a katin ɗan ƙasa. Kowa ya riƙa rubuta nasa a jere. Na bakwai ya fito: Hauwa'u Jamaluddeen.

Wani daga cikin abokan aikinsu ya tambaya, "Wace ce wannan baƙuwar kuma?"

Sai ga muryar Aziza tana dariya: "Ni ce mana! Takwarar Goggo ce ni. Aziza sunan gida ne kawai."

Farantin da ke hannuna ya faɗi ya yi ta juyawa a siminti.

'Yan uwa, kun taɓa kishi da wanda ba za ku iya tsare shi ku tambaye shi ba? Mai rai ka ja masa riga, ka yi masa kuka, ya rantse maka ko da ƙarya ce. Nawa yana kwance, ba ya ji ba ya amsawa. Na buɗe akwati na ciro rigar sanyin nan ruwan ganye, wadda shekara biyu nake shinshinawa in ajiye. Ranar sai na tsaya ina kallonta ina cewa, wa ya zaɓi launin? Wa ya ce masa wannan za ta yi mata? A jikin wa aka gwada? Na tuna duk "mijina" da ta taɓa faɗa a gabana, da yadda yake murmushi ya ce, "Ƙyale ta, 'Yar Malam, ba ta da hankali." Na tuna ranar rasuwa sai da aka riƙe ta, ni kuma ko hawaye na kasa. Ashe ni wata goma sha ɗaya na samu, ita tun suna wasan ƙasa. Ashe da na ce kaina ke ciwo, daɗi ya ji.

Kuma yanzu ta gama da wanda ya tafi, ta koma gaban mota kusa da wanda ya rage.

Da la'asar Sharhabil ya yi sallama a zaure. Na ce ba na jin daɗi. Inna ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Tashi ki fita."

"Ba zan iya ba, Inna."

"Me ya yi miki?"

"Bai yi komai ba."

"To ni zan yi miki."

Ba ta yi ba. Ta ɗauki Ummi ta kai masa da kanta. Ya turo saƙo: "Maman Ummi, lafiya? In kawo magani?" Na daɗe ina haɗa amsa, don rubutu ba ya yi mini sauri. Na tura masa: "Ka je Unguwar Rimi. Can ake madalla."

Ya kira sau uku. Na kifa wayar.

Ranar Lahadi bayan azahar aka sa taron ƙarshe a gidan Hajiya, a ƙarasa tsari ido da ido. Na yi wanka na ciro atamfar lefena mai ruwan goro wadda ban taɓa sawa ba, na zizara kwalli, har da jan-baki. Inna ta gan ni ta ɗaga hannu sama tana alhamdulillahi. Ta zaci don Sharhabil ne. Ni kuwa yaƙi za ni.

Na tari napep da Ummi a baya. Na iske falo ya cika. Hajiya na zaune a darduma ta miƙe ƙafa, carbi a hannu. An ajiye jug ɗin zoɓo da tiren cincin a tsakiya. Maza a kujeru ta wajen ƙofa, mata ta wajen Hajiya. Aziza cikin baƙar abaya, gilashi a ido, kwamfuta a cinya, kamar mai raba gado.

Na durƙusa na gaida Hajiya. Ta karɓi Ummi tana cewa, "Zo nan takwara, kin ƙi ni ko?" Sharhabil ya kalle ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai.

Aka ci gaba. Jamila za ta yi dambun nama. Hamza zai nemo mai nuna hanya a gindin dutse, wanda suka saba da shi. Wani ya ce a sayi rake a Pambeguwa, wani ya ce in aka tsaya sayen rake Juma'a ta wuce. Sai Aziza ta ɗago.

"Matar mijina, na sa ki a rukunin gari, ke da Goggo da yara. Za ku sha yawon gari ranar Asabar kafin mu sauko."

"Wa ya ce ki sa ni?"

Ta yi dariya. "Saboda Ummi ne ai. Kuma hawan da wuya, wallahi."

"Da wuya, ko dai ba kya so in hau in ga abin da kuka bari a can?"

Ban yi niyyar faɗa a gaban Hajiya ba, Allah ya sani. Amma bakin ya riga ya buɗe. Na zaro waya na buɗa hoton na miƙa mata har kusa da gilashinta.

"Ni ban yi boko ba, Aziza, amma na iya haɗa baƙi. Wace ce Kulu? Shekara uku kina ce mini matar mijina ina dariya. Ashe ni ake yi wa dariyar. Ki faɗa a gaban Hajiya. Na bakwai a jerin suna, ba ke ba ce?"

"Subhanallahi," in ji Hamza.

Carbin Hajiya ya tsaya.

Na zaci za ta yi tsalle ta zage ni da Turanci. Sai ta cire gilashin a hankali ta ajiye a kan kwamfuta. Tunda na san ta ban taɓa ganin fuskarta babu wasa ba sai ranar.

"Bara'atu," ta ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Ya sunan 'yarki?"

"Ummi."

"Na yanka."

Na kalli Hajiya, na kalli ƙasa. "Kin san ba na faɗa. Kuma me ya kawo 'yata cikin wannan magana? Lokacin ba a haife ta ba. Shi bai ma san da..."

"Ya sani."

Ban gane ba. Na ce, "Me?"

"Ya sani, Bara'atu." Idonta ya kawo ruwa. "Muna kaiwa sama ya ce kowa ya yi shiru yana da albishir. Ya ce 'Yar Malam ta daina sa daddawa a miya, kuma kullum da tsamiya a kumatunta tana zaton ba ya gani. Ya ce jikinsa na ba shi mace ce, kuma Goggo zai yi wa takwara. Hamza ya ce to rubuta sunan mana. Ya ce shi hannunsa ba zai iya rubuta sunan Hajiya ba, sai dai Kulu. Ni na riƙe masa gwangwanin fentin. Na ce in namiji ne fa? Ya ce sai ya dawo baɗi ya goge ya sa sunan namiji."

Na juya wurin Sharhabil. Ya gyaɗa kai.

"Haka aka yi, Maman Ummi. Ranar suna ma ni na gaya wa kawunsa cewa burin marigayi ke nan. Mun zaci kin sani. Mun zaci da ya dawo kun yi maganar."

Ta ina za su sani? Ban taɓa gaya wa kowa cewa ban faɗa masa ba. Ko Inna.

Na zauna a ƙasa da atamfar lefen. Sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo mini. Shi yake tashina sallar asuba kullum. Wata biyu ban ce masa yau ba na yi ba. Mutumin da aikinsa lissafi, a ce bai ƙirga ba? Da ya dawo daga Jos ya hana ni ɗaga kwandon dankalin, ya ce zai yi mini nauyi. Rigar sanyin kuma ta yi mini yawa, na ce masa bai san girmana ba, ya ce, "Ajiye, za ta yi daidai."

Za ta yi daidai. Ni kuwa na kwana biyu ina tuhumarta.

Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Jamila ta riƙe ni. Da na samu numfashi, abin da ya fito daga bakina ba godiya ba ce, kuma ba zan yi muku ƙarya ba.

"Duk ku da kuka hau kun ji daga bakinsa. Ni da nake ɗauke da ita ban ji ba."

"Ke yake jira," in ji Sharhabil a hankali. "Ya ce ba zai ƙwace miki albishir ɗinki ba. Yana so ya ga ranar da kunyar za ta sake ki."

Ina jiransa ya gane, yana jirana in faɗa. Kwana tara muna kwana ɗaki ɗaya da magana ɗaya a bakinmu.

Na ce, "Aziza, ki yi haƙuri."

Ta share ido da bakin mayafi ta mayar da gilashi. "Na haƙura, matar mijina."

Har yanzu ban son kalmar. Kuma har yanzu in na tuna ita ta riƙe gwangwanin fentin, ita ta ga dariyar nan da idonta, wani abu yana tsaya mini a ƙirji. Kishin bai tafi ba, 'yan uwa. Wurin zama kawai ya canja.

Na ce, "Cire ni daga rukunin gari. Dutse zan hau."

"To. Bara'atu Shu'aibu, rukunin dutse." Ta danna. "Saura 'yarki. Me zan rubuta?"

"Ummi."

"Masauki sun ce sunan yanka." Wasan ya fara dawowa idonta.

"Aziza, ki bari."

Hajiya ce ta yi magana, karo na farko tun da na ɓare baki.

"Faɗi, 'yar nan. Ni na ba ki izini, yau kaɗai. Ubanta ma da ya rasa inda zai faɗa, dutse ya samu ya gaya wa."

Na kalli yarinyar. Tana zaune a cinyar kakarta, ta cika hannu biyu da cincin, goshinta sak na Rilwanu. Na buɗe baki sau biyu babu abin da ya fito. A na uku ya fito kamar raɗa.

"Kulu."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ba ta san da ita ake ba. Hajiya ce ta rufe fuska da hijabi.

Da aka tashi Sharhabil ya rako ni bakin titi neman napep. Rana ta yi sanyi, masu kayan miya sun fara shimfiɗa a gefen hanya.

"Maganar madalla," ya fara.

"A bar ta, Yaya Sharhabil."

"To." Ya gyara hula. "Amma akwai abin da Aziza ba ta sani ba. Ranar duwatsu biyu ya rubuta."

Na juyo.

"Bayan kowa ya fara sauka ya ce in jira shi. Ya koma kogon shi kaɗai da ragowar fentin, ya juya mini baya. Da ya gama ya jira ya bushe, ya kifa shi a can ciki, rubutun na kallon ƙasa. Na ce me ka sa? Ya ce ba nawa ba ne. Ya ce mai shi za ta zo ta juya da hannunta."

"Bai faɗi suna ba?"

"Bai faɗa ba. Ni kuma ban taɓa ba."

Napep ya tsaya. Na shiga ban ko yi masa sallama ba.

Ina isa gida na jawo akwatin Rilwanu daga ƙarƙashin gado. Da aka raba kayansa, kambas ɗinsa na hawa na roƙa aka bar mini, har yau da jar ƙasar Jos a ƙasansa. Na zura ƙafa. Ya yi mini yawa da kusan yatsu uku. Na yage tsohon ɗankwali na cusa a gaba, na ɗaure igiya, na zaga tsakar gida sau biyar. Inna na bakin murhu tana kallona.

Sannan na ɗauki waya na danna saƙon murya, na farko da na taɓa turawa a guruf ɗin nan.

"Assalamu alaikum, Bara'atu ce. Kujerar gaba a mota, duk mai so ya zauna, ban damu ba. Amma ranar Asabar in an kai bakin kogo, kowa ya tsaya a baya. Aziza, har ke. Ni zan fara shiga."